Rawanin da Ya Riga Ni Isa Gida

Damagaram, ƙarshen Rabi'ul Awwal, 1343

Daga Junaidu ɗan marigayi Malam Hayatu, zuwa ga Kawu Tukur mai tufafi, Ƙofar Atiku, Sakkwato.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fata kana lafiya, da iyali, da kasuwa. Yaya gwiwar Inna? Na baro ta sai ta dafa bango take tashi. Ni lafiya lau nake. Ƙafafuna sun kumbura a hanya, amma kumburin ya sauka.

Bayan haka, Kawu, na iso. Mun bi ta Wurno da Sabon Birni, muka shiga ƙasar Faransa, muka yada zango a Maraɗi da Tasawa. A Maraɗi wata mai fura ta ji Hausata ta ce, "Basakkwace, yau kai ne da neman karatu a waje? Naku ya ƙare ne?" Na tsaya ina yi mata bayanin wasiyyar Baba tun daga farko, har ayari ya kusa tafiya ya bar ni.

Wanda ya janye ni daga wurinta shi ne abokin da Allah ya ba ni a tafiyar nan. Sunansa Siddiƙu, mai yawon neman karatu ne, ya ce ba shi da uwa ba shi da uba. A bakin Tasawa tafintan kumandan ya buɗe jakata, ya ga takardar gama makarantata da rubutun Ingilishi, ya ɓata rai. Siddiƙu ya shiga tsakani, ya yi masa barkwanci, ya tambayi lafiyar 'ya'yansa kamar ya san su, sai ga mutum yana dariya yana mayar mini da kayana. Ga shi da murya, Kawu. In ya ja baƙi har masu jakuna shiru suke yi. Na ce masa in Allah ya yarda shi zai riƙa ja mini ayoyi ina fassarawa a zauren Baba.

Na sami Malam Abdulwahabu a unguwar Zango. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni. Ashe tun shekarar da Nasara suka shiga Sakkwato ya fito da niyyar Makka, ciwon ƙafa ya tsayar da shi a nan. Da na ce ni ɗan almajirinsa Hayatu ne, ya shafa fuskata ya ce, "Hancin nasa ne, muryar ce ba tasa ba." Na miƙa masa rawanin Baba, na maimaita masa wasiyyar yadda Baba ya faɗe ta a gabanka da gaban Liman Dodo: kada kowa ya zauna buzunsa na tafsiri sai wanda ya karanta izu sittin a gaban Malam Abdulwahabu, ya kuma naɗa masa wannan rawani da hannunsa. Malam ya karɓe ni, mun fara.

Abin da ke hana ni sukuni ka san shi. Liman Dodo ya ce in watan Azumi ya kama ba a buɗe tafsiri a zaurenmu ba, za a mayar da karatun unguwa wani zaure, in ya tafi kuwa ba ya dawowa. Na kuma ji abin da ya faɗa a bayan idona, wai wanda ya saba zaman benci a makarantar Nasara ba zai iya zaman buzu ba.

'Yan'uwan Baba sun yi gabas tuntuni, ba wanda ya dawo. Na sani zumuntarmu da nisa, kakarka da kakar Inna ne uwa ɗaya. Amma kai ka wanke Baba, kai ke riƙe da makullin zauren, ba mu da namiji sai kai. Don Allah a riƙa share shi, a duba buzun saboda gara. Ka gaya wa Inna hular da ta kaɗa wa zare da hannunta tana kaina kullum.

Wassalam. Ɗanka, Junaidu.

*

Sakkwato, Jimada Awwal

Daga Tukur zuwa ga ɗana Junaidu. Gaisuwa da sa albarka. Mu duka lafiya. Gwiwar innarka tana nan yadda ka bar ta, sai dai takan ƙara ciwo in anka ambaci sunanka.

Takardarka ta iso hannun masu kanwa. Sai da na nemi inuwa na zauna, don tsawonta ya kai turmin alawayyo. Ka jero mini garuruwan da kunka kwana, ba ka gaya mini yadda aka sayen saƙi a Damagaram ba. Mi bokon ta koya maka, in ba ta koya maka duban kasuwa ba?

Zaure ana share shi duk Juma'a. Buzu shina rataye, na duba shi da kaina, gara ba ta kusance shi ba.

Amma ka sani ido ya yi yawa kan karatun ga. Liman Dodo shina da ɗan ƙane wanda ya faɗaɗa zaurensa bana, har ya sa sabbin azara. Ba don awaki ya faɗaɗa shi ba. Shekaranjiya Liman ya tsaya rumfata shina taɓa yadi bai saya ba, ya ce, "Tukur, yaron naka da rawani za shi dawo, ko da malafar Nasara?" Na ce, "Allah gafarta malam, kowacce ya zo da ita, ni zan sayar maka da irinta." Anka yi dariya, amma tasa ba ta wuce haƙora ba.

Batun abokinka mai murya. Na fara fatauci tun ba ka san damanka da hagunka ba. Na ci tuwo akushi ɗaya da mutanen da yau ko sunansu ban riƙe ba. Ka ci da shi, ka yi dariya da shi, amma abin da ke cikin jakarka ya zauna cikin jakarka. Na san halinka. In mutum ya tambaye ka hanyar kasuwa, sai ka haɗa masa da tarihin wanda ya share ta.

Ka dawo kafin a ga wata, ko da rarrafe ne.

Kawunka, Tukur.

*

Damagaram, farkon Sha'aban

Zuwa ga Kawu Tukur. Gaisuwa da girmamawa. Allah ya sa kana lafiya, ya ba Inna sauƙi. Na yi zazzaɓi cikin Jimada, na warke sarai, kada a gaya mata.

Ka gafarce ni da dogon shiru. Ban so in rubuto ba sai na san gaskiyar inda nake. Wannan takarda Siddiƙu ne zai kawo maka ita, ina roƙonka ka karanta ta har ƙarshe kafin ka yanke komai.

Zaman nan ya yi mini daɗi fiye da yadda na zata. Mu uku ne a ɗaki, ni da Siddiƙu da wani Babarbare mai suna Audi, shi ke yi mana tuwo, shi ke kuma zagin miyar da kansa. Bayan la'asar mukan hau manyan duwatsun da ke bayan gari. Siddiƙu ya ja baƙi, ni in fassara, Audi ya zama jama'a yana gyangyaɗi. Siddiƙu yakan ce, "Ɗan'uwa, a nan wurin yaya Baba yake cewa?" Sai in faɗa masa, har da misalan Baba, na marina biyu da suka yi jayayya a bakin karofi, da na makahon da ya san rijiyar unguwarsu. Yadda Baba kan yi gyaran murya ya bugi gwiwa ya ce, "Ku ji fa, jama'a," ma ya iya, in ya yi sai hawaye ya zo mini. Zama a gaban Malam ne bai cika yi ba, don kullum ana kiransa suna ko walima. Abin da ya karanta a gabansa bai wuce izu goma ba.

To ga damuwar. Malam ya kwanta ciwo watan Rajab duka, karatu ya tsaya. Saura mini izu tara. Da ya ɗan farfaɗo ya sa aka ɗauko rawanin Baba, ya zaunar da ni a gabansa, ya naɗa mini shi a kan hulata, irin naɗin nan nasa da tsofaffin Sakkwato suka sani, ninki uku a goshi, jela ta kafaɗar hagu. Ya ce, "Tashi ka tafi, sauran ka sha jin su a bakin ubanka."

Na ce, "Allah gafarta malam, Baba cewa ya yi izu sittin a gabanka. In Liman ya tambaye ni ko na karanta sittin, me zan ce?"

Ya ce, "Ka ce na sallame ka."

Na ce, "Ba abin da zai tambaya ke nan ba."

Malam ya girgiza kai ya ce taurin kan Hayatu ne ya biyo ni. Audi kuwa ya ce da ni, "Kai ko ruwa aka ba ka a sahara sai ka tambayi sunan rijiyar." Na sani za ka ce da gaskiyarsu. Amma ba zan iya zama wurin Baba da abin da bai cika ba.

Ga dabarar da na yi. Na ɗaga rawanin tare da hular, ban warware ko ninki ɗaya ba, na sa a kwando na ba Siddiƙu. In wata ya kama ban iso ba, ka buɗe zaure, ka shimfiɗa buzu, ka ɗora rawanin a kai, don kowa ya ga an naɗa ni kuma ina tafe. Siddiƙu ya zauna a gefe bisa tabarma, ya ja baƙi kawai, ban da fassara. Da haka ba wanda zai ce ba a buɗe karatu ba. Ni kuma da na sauke zan taso.

Ban manta gargaɗinka ba. Amma mutumin nan shi ya yi jinyata, shi ya riƙa ɗura mini kunu da ludayi. Da na miƙa masa kwandon ya ce, "Ko kaina zai faɗi, rawanin nan ba zai taɓa ƙasa ba." Ka karɓe shi kamar ni, ka ba shi ɗakina.

Ɗanka, Junaidu.

*

Sakkwato, makon farko na Azumi

Ɗana Junaidu, barka da shan ruwa. Mu duka lafiya, sai zafin rana da ka sani. Innarka ta fara cin abinci sosai, dalili shina tafe.

Albishirinka: karatu bai bar gidanku ba.

Abokinka ya iso ana gab da ganin wata. Ya shigo unguwa bayan la'asar, lokacin da dattawa ke zaune bakin masallaci, da rawanin bisa kansa. Kada ka zabura, saurara. Na tambaye shi a keɓe. Ya ce jaki ya yi ta girgiza kwando har naɗin shina neman warwarewa, ya duba bai ga inda naɗaɗɗen rawani ka zama lafiya ba sai bisa kai. Ni ɗan kasuwa ne, na san ɗaukar kaya, maganar ta shiga kunnena.

Sai dai dattawa sun riga sun gani. Liman Dodo, wanda ba ya miƙe wa kowa, ya miƙe ya ce, "Rawanin Hayatu! Hannun Abdulwahabu!" Ya rungume shi shina hawaye. Yaron bai gyara masa ba. Ni ma ina wurin, amma takardarka ba ta shigo hannuna ba sai bayan magariba. Na karanta, na ce bari gari ya waye. Kafin gari ya waye labari ya kai kasuwa.

Ranar farko munka yi kusan yadda ka ce. Ya zauna gefen buzu bisa tabarma. Rawanin dai shina kansa, don ban ga yadda zan tuɓe wa mutum rawani gaban waɗanda sunka miƙe masa ba. Ya ja baƙi, ya yi shiru. Jama'a suna jiran fassara. Ɗan ƙanen Liman ya yi tari, ya fara laluben takalmansa, wasu sunka bi shi da ido. Wani tsoho ya ce, "Malam, mu fa ba Larabawa ba ne."

Sai yaron ya yi gyaran murya, ya bugi gwiwa, ya ce, "Ku ji fa, jama'a."

Ya kawo misalin marina biyu, inda ubanka ke tsayawa nan ya tsaya, inda ubanka ke dariya nan ya yi. Mai laluben takalmi ya koma ya zauna. Innarka tana bayan zana tare da mata, anka ce ta riƙe baki tana cewa Malam Hayatu ya dawo. Rana ta uku Liman da kansa ya kama hannunsa ya ɗora shi bisa buzu. Yanzu zaure ba ya ɗaukar mutane, har rariya, bakin hanya, aka shimfiɗa tabarmi. Waɗanda sunka daina gaishe ni tun rasuwar ubanka sun dawo suna tsayawa rumfata.

Na san ba haka ka tsara ba. Amma ka roƙe ni kada karatu ya tafi, bai tafi ba. Kuma kai da hannunka ka rubuta in karɓe shi kamar kai. Ka taho a hankali, kada ka kashe kanka da sauri cikin azumi.

Kawunka, Tukur.

*

Maraɗi, tsakiyar Azumi

Kawu, ina gaisuwa. Na gode wa Allah da Inna ke cin abinci. Ni jikina lafiya.

Takardarka ta same ni a nan. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Na ba wani mai raƙumi wannan don ta riga ni.

Na ce ka karɓe shi kamar ni, ka ba shi ɗakina. Ɗaki na ce. Maganar buzu da rawani na rubuta ta daban, dalla-dalla, kuma ka ce ka karanta. Kwandon da na ba shi mai murfi ne, na cika gefensa da auduga, na ɗaure, na girgiza shi da hannuna a gaban Audi, ko motsi rawanin bai yi ba. In ma a kai ya ɗauko shi, me ya hana shi cirewa a bakin ganuwa?

Ban gaya maka ba tukuna. Na sauke izu na sittin ranar farko ta Azumi da hantsi. Malam ya ce a kawo rawanin ya ƙara sa masa albarka. Na ce yana Sakkwato bisa buzun Baba yana jirana. Ya yi murmushi ya ce madalla. Kwana biyu bayan haka ya rasu. Ni da Audi muka sa shi a kabari. Maganar ƙarshe da na faɗa wa malamin ubana ba gaskiya ba ce, kuma ban san haka ba sai yau.

Audi ya koma Barno. Ba ni da shaida yanzu sai takardar da ke hannunka. Ina roƙonka don Allah, don zumuntar da ta sa ka wanke Baba, ka kai ta wurin Liman Dodo ka karanta masa a gaban dattawa. Ba na neman a wulaƙanta Siddiƙu. Ya sauko gefe kawai, ya ajiye rawanin inda na ce. Wanda ya karanta izu goma yana zaune inda Baba ya ce sai mai sittin. Kana wurin da ya faɗa, Kawu. Kai ka gyara masa matashi don muryarsa ta fito.

Kai ka ce in yi hankali da abokin hanya. Ban ji ba, na ɗauki wannan. Amma ba ka ce in yi hankali da na gida ba.

Junaidu.

*

Sakkwato, goman ƙarshe na Azumi

Junaidu, lafiya muke. Allah ya jiƙan Malam Abdulwahabu, ya sa ya huta. Na bar wannan a Wurno wurin mai masaukin fatake, ka same ta kafin ka shigo.

Ban karanta wa Liman ba, ba kuwa zan karanta ba. Kai ma ka san al'adar garin ga: wanda ya buɗe tafsiri shi ka rufe shi, ba a tada malami bisa buzu tsakiyar wata. In na karanta mi za ya faru? Liman ne ya miƙe, Liman ne ya kama hannunsa. Kana jin za shi ce shi ya yi kuskure? Cewa za shi yi gidan Hayatu sun yaudari unguwa cikin watan Azumi. Gobe karatu ya koma zauren sabbin azara, sunan ubanka ya zama abin hira a kasuwa, innarka ta koma kwance. Kai ka samu gaskiyarka, ka zauna da ita cikin zauren da ba kowa.

An miƙa maka rawani an ce tashi ka tafi, ka tsaya ƙirgen izu. Ni da ke nan na ga mutane na neman takalmansu, na yi abin da na iya.

Ga shawara, ka karɓe ta da sanyin rai. Ɗana Siddiƙu ba ya ƙinka, kullum sai ya ambace ka da alheri. Ya gaya mini akwai wurare can ƙarshe da bai ji daga bakinka ba, shina ɗokin isowarka. Ka riƙa ba shi karatu da safe cikin ɗaki, shi ya faɗa wa jama'a da la'asar. Ilimin naka, muryar tasa, gida ɗaya. Ga kuma makarantar Nasara na neman malami, ba wanda ya fi ka takarda. Kowa ya samu wurin zama.

In ka shigo, ka fara biyowa ta wurina kafin ka ga kowa.

Kawunka, Tukur.

*

Sakkwato, jajibirin Salla

Zuwa ga Malam Tukur mai tufafi. Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Ni lafiya.

Na sauka wurin wani abokin karatuna a bayan kasuwa. Kiran salla ɗaya muke ji da kai, amma na zaɓi takarda, don a takarda ba ka iya katse ni da barkwanci.

Ban biyo ta wurinka ba, ka sani. Na shigo jiya da la'asar, ranar rufe tafsiri, na tsaya a baya wajen takalma. Na saurara har ƙarshe. Inda ya ji daga bakina, Baba ne sak. Inda bai ji ba, sai ya ja baƙin ya ƙawata shi, ya tsallake wurin da ke da wuya, ya koma misalin makaho da rijiya. Ba wanda ya lura. Mutane na ta share hawaye. Da zai yi addu'a ya ce, "Ranar da Malam Abdulwahabu ya ɗora mini wannan amana, ya ce da ni tashi ka tafi." Kana sahun gaba. Na ga ka gyaɗa kai.

Sai Liman Dodo ya hango ni. Ka ji abin da ya ce, amma zan rubuta don ya zauna. Ya ce, "A'a, ga ɗan boko ya dawo, kai ba hula. Matso, Junaidu. Kana can anka yi komai. Rawanin ga, Abdulwahabu ne ya naɗa shi da hannunsa?"

Na dube ka. Kana duban tabarma. Na ji tarin Inna a bayan zana, na san tarinta. Na ce, "Shi ya naɗa shi."

Sauran maganar tana bakina, a kan wa aka naɗa, da wanda ya karanta sittin. Liman ya ɗan jira. Ba wanda ya rufe mini baki. Ba komai na tuna ba sai abin da ka rubuta, cewa za ta koma kwance. Na yi shiru, aka shafa fatiha. Yanzu ni ne shaidarsa, a gaban unguwa duka. Ka samu abin da ko kai ba ka roƙa ba.

Da aka watse ya ratso mutane ya rungume ni, yana ƙanshin turaren Baba. Ya ce a kunnena, "Ɗan'uwa, ka gani, bai taɓa ƙasa ba."

Na shiga na gaida Inna. Ta ce na rame. Ta ce in gode wa Allah da ya ba ni aboki irin wannan. Sannan ta dubi kaina ta ce, "Ina hular da na yi maka?" Na ce tana nan, ba ta ɓata ba.

Ba zan ba shi karatu a ɗaki ba. Aikin makaranta na karɓa, bayan Salla zan fara, a kan benci, yadda Liman ya ce. Makullin zaure ka riƙe. Ba zan je wurin Liman ba, na riga na ba da amsata, ba kuwa na sauya magana.

Abu ɗaya nake nema, kuma nawa ne, ba ya cikin wasiyya. Hular da ke ƙarƙashin rawanin nan Inna ce ta kaɗa zarenta, ta ba ni ranar da zan tafi, kuma ta tambaye ni ita. Ina so in sa ta gobe in je Idi, in biya ta gani. Ka karɓo mini ita yau kafin magariba.

Na sani a kanta aka yi naɗin, kuma wanda ya iya shi yana kabari a Damagaram. Yadda za a zare ta ninki uku ba su warware ba, wannan kai da ɗanka Siddiƙu kun fi ni sanin ɗaukar kaya.

Junaidu ɗan Malam Hayatu.